Ranar da Zakiyya Ta Wanke Alluna

Su uku ne a wani ƙaramin gida a unguwar Yalwawa cikin Dutse, kuma kowaccensu da abin da ta rasa. Inna ta rasa ƙarfin ido, sai dai ta gane mutum da muryarsa. Ƴarta Nuriyya, mai ɗinki, ta rasa mijinta Tasi'u a haɗarin mota a hanyar Miga tun tana goyo. Ita kuwa goyon, Zakiyya, ba ta san fuskar uba ba sai a wani ɗan hoto na katin shaida.

Ziyad ɗan Modibbo bai rasa uba ba, bai rasa gata ba, don shanun gidansu sun cika ruga biyu a bayan Jahun. Abin da ya rasa a Dutse shi ne ƙanƙara. Karatu ya kai shi Finland, a can ya koyi tseren zamiya: mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya yi ta gudu a kan dusar ƙanƙara, hawa da gangara. Irin nasa shi ne salon gargajiya, wanda ƙafafu ke bin wasu layuka biyu da aka tsaga kamar sawun amalanke. Idan ya zo hutun damina sai ya ɗaura gajerun alluna masu taya ya bi kwalta da sassafe, mutane na tsayawa suna dariya.

A ƙofar gidan su Nuriyya tayarsa ta hau tsakuwa, ya kife, wando ya yage tun daga gwiwa. Zakiyya, tana ƴar shekara biyar a lokacin, ita ta kawo masa ruwa a buta.

"Kawu, kai ba ka da mashin ne?"

"Ba ni da shi."

"Allah sarki..." Ta juya da gudu. "Ummi, zo ki ga wani talaka ya faɗi."

Nuriyya ta fito tana gyara hijabi, tana ba shi haƙuri, dariya na neman kubce mata. Ita ta ɗinke wandon. Bayan kwana uku ya dawo da wata riga wadda babu abin da ya same ta sai maɓalli ɗaya, shi ma da gani da hannu aka cire shi.

"Wannan ai ko Inna za ta iya ɗinke maka," in ji ta.

"Ɗinkinki nake so."

"Layi za ka bi, Malam. Akwai na mutane a gabanka."

"Ni da bin layi shi ne sana'ata."

Ta sunkuyar da kai kan keken ɗinkin, ta ƙi yarda ya ga murmushinta.

Damina biyu suka wuce a haka. Idan yana can, kullum bayan la'asar zai kira, ya nuna musu farin daji ta waya, Zakiyya ta ce a ɗebo mata a leda. Ba wanda ya san ranar da "Kawu" ya koma "Abba" a bakinta. Da Nuriyya ta tsawata mata, shi ya hana.

"Ki bar ta, Nurina. Sunan ya fi duk wata lambar yabo daɗi a kunnena."

A gidan Modibbo kuwa maganar ba ta yi daɗi ba. Tun Ziyad yana ƙarami aka yi masa tanadin Mahbuba, ƴar ƙanin Modibbo, wadda ta gama jami'a tana aiki a sakatariya. Modibbo bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Auren bazawara sunna ne, ban hana ka ba. Amma ba za a kawo min agola gida ba. A mayar da yarinyar Miga wajen dangin ubanta, sai a sa rana."

Ranar da Ziyad ya kawo wa Nuriyya wannan magana, ta tsayar da keken ta dube shi.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ko da Zakiyya, ko babu auren."

"Ka rantse?"

"Sai na rantse miki, hasken raina? Ƴata ce fa."

A ƙarshen watan Fabrairu ya samu gurbi a babbar gasar duniya, tseren kilomita goma na maza. Saura kwana goma sha biyu gasar, Modibbo ya kira shi gida, ya ce a zo a ƙarasa magana. Ziyad ya zo da doguwar jakar allunansa, don daga Kano kai tsaye zai wuce ƙasar da ake gasar. Da Modibbo ya ga jakar ya ce in katakon banzan nan ya kwana a gidansa, makamashi za a yi da shi. Shi ya sa Ziyad ya kawo su Yalwawa.

Ya buɗe jakar a tsakar gida. Allunan sun fi shi tsawo, ƙasansu duk an shafe da wani kaki mai kauri irin na zuma, rawaya-rawaya, ya bushe kamar tsohon man shanu.

"Kai, datti," in ji Zakiyya.

Ziyad ya yi dariya. Ya shimfiɗa su a kan siminti ya hau, ya ce ta yago masa takarda daga littafinta.

"Tura ta ƙarƙashin ƙafata."

Takardar ta shige sumul.

Ya mayar da nauyinsa duka kan ƙafa ɗaya. "To, ja."

Ta ja, ta ƙi fitowa.

"Kin gani? Tsakiyar a ɗage take kamar baka. In na tsaya da ƙafa biyu sai in zame, in na taka da ɗaya sai ta kama ƙanƙara in tura. Daidai nauyina aka zaɓo su, shekara biyu kafin in samu irinsu." Ya dubi Nuriyya. "A ƙarƙashin gado, inda ya fi sanyi. Kada kowa ya buɗe."

Zakiyya ta riga ta tafi nuna wa Inna takardarta, ba ta ji wannan ƙarshen ba.

Ranar Laraba Nuriyya ta tafi kasuwa sayen zare, Inna kuma maƙwabta suka ja ta gidan suna. Da hantsi Mahbuba ta yi sallama da yadi a leda, wai ɗinki ta kawo. Ta san inda allunan suke, don a gabanta Ziyad ya gaya wa mahaifiyarsa, har da bayanin kakin da yadda zafi ke kashe su.

"Ƴan mata, ke kaɗai? Ina kayan Hamma Ziyad?"

Zakiyya ta nuna mata. Mahbuba ta ja zif, ta yamutsa fuska.

"Subhanallahi. Haka zai je gaban Turawa da wannan ƙazanta? Duniya fa za ta kalle shi a talabijin."

"Ni ma na ce datti ne."

"Ai ke kin fi su hankali. Da ni ce ƴarsa, da na wanke masa tas, yadda ake wanke tukunya, in shanya a kan kwano su bushe da kyau. Amma ke..." Ta saki jakar. "Ke ai ba ƴarsa ba ce."

"Ƴarsa ce ni."

"To, ban sani ba. Ɗiya ai a aiki ake gane ta."

Ta ɗauki ledarta ta fita.

Zakiyya ta jawo allunan ɗaya bayan ɗaya. Ta kankare kakin da wuƙa, ta bi da toka da soson ƙarfe, ta ɗauraye, ta sake bi. Hannunta ya yi ja, ba ta tsaya ba. Sai ta taka turmi, ta taka katanga, ta tura su kan kwanon ɗakin girki. Tun kafin azahar suke can har bayan la'asar.

Da Nuriyya ta dawo, yarinyar ta tare ta a zaure tana tsalle.

"Ummi, rufe idonki. Na yi wa Abba abu."

Da ta sauko da su sai da ta naɗe hannu da zane, don ba sa taɓuwa. Ƙasansu ya yi furfura, duk zane-zanen soso. Ba ta san iyakar ɓarnar ba, amma ta san an yi ta.

"Wa ya ce ki taɓa?"

Murnar ta gudu daga fuskar Zakiyya. "Anti Mahbuba ta ce ɗiya a aiki ake gane ta... Bai yi kyau ba?"

Nuriyya ta dubi ƴan yatsun da suka kumbura. Ta tuna gobe ne Modibbo zai zauna da ƴan'uwansa a kan maganarsu. Ta tuna Miga, gidan da Zakiyya ba ta taɓa kwana ba.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali. "Amma kada ki gaya wa kowa. Kin ji?"

Ta jira suka huce, ta mayar da su jaka, ta ja zif.

Zaman ya tashi ba a tsayar da komai ba, aka ce sai ya dawo. Ranar tafiya Ziyad ya zo ɗaukar jakar. Sau uku Nuriyya ta buɗe baki, sau uku ta rufe.

"Me ya faru, Nurina?"

"Ba komai... Allah ya ba da sa'a."

Saura kwana biyu gasa ya kira ta da safe. Ko sallama bai yi ba.

"Wa ya buɗe jakar?"

"Yaya Ziyad..."

"Kocina ya hau da ni kansu. Takarda ko shiga ba ta yi, sun kwanta kamar faranti. Zanen ana iya gyarawa, wannan ba a gyarawa. Wa ya buɗe?"

Zakiyya na zaune a gabanta tana shan koko, ta ɗago kai tana kallon ta.

"Ni ce."

"Ke?"

"Na ga sun yi datti, na wanke, na shanya."

"Na gaya miki da bakina."

"Na manta. Ka yi haƙuri."

Sai ya katse wayar.

Ranar tseren, rabin layin ya taru a falon maƙwabcinsu, inda ɗansa ya haɗa waya da talabijin. Mata a ƙasa, maza a kujeru, Inna a gefe ana ba ta labari. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin ƴan tseren, manyan mutane kamar an sassaƙa su, suna tafiya a layin nan biyu kamar ruwa. Da aka nuna Ziyad da kore da fari a ƙirjinsa, falon ya ɗauki kabbara. Zakiyya ta miƙe tsaye.

"Abbana ne. Ku duba ƙafarsa, ni na..."

Nuriyya ta jawo ta ta zaunar.

Ba allunansa ba ne. Aro aka yi masa daga wani wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, duk yadda ya taka, tsakiyar ba ta taɓa ƙasa. A fili ya ɗan yi ta maza da ƙarfin hannu. Da ya iso tudun farko, ya taka, ƙafa ta zame baya. Ya sake takawa, ta sake zamewa. Waɗanda aka saka bayansa suna zuwa suna wuce shi. A tudu na uku ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, sanda ɗaya ta suɓuce ta gangara, ya rarrafa ya ɗauko. Kyamara ba ta bar shi ba.

Wani daga cikin mazan ya yi dariya, sai wasu suka kama.

"Wannan ai rarrafen ma jikana ya fi shi."

Shi ne na ƙarshe cikin mutum ɗari da wani abu. Kafin magariba bidiyon ya zaga Dutse, an sa masa kiɗa. Aka ce har a kasuwar shanu ta Jahun an nuna wa Modibbo.

Nuriyya ta aika saƙo ya fi ashirin. Duk ya karanta, bai amsa ko ɗaya ba.

Bayan mako uku, wata Asabar da la'asar, Ziyad ya yi sallama a zaure. Ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ta shimfiɗa masa darduma, ya ƙi zama.

"Tambaya ɗaya na zo yi. Wa ya wanke allunan?"

"Na gaya maka ni ce."

"Kalle ni ki faɗa."

Ta kalle shi. "Ni ce."

Sai ga ƙarar silifa daga bayan ƙyaure. Zakiyya ta shigo da sabuwar rigar da ta sa da kanta tun da ta ji muryarsa, baibai.

"Abba, ba Ummi ba ce. Ni ce. Da soso na wanke, don kada Turawa su yi maka dariya."

"Zakiyya, koma ciki," in ji Nuriyya.

"Bar ta," ya ce, ko kallon yarinyar bai yi ba. "Na sani. Tun ina can Mahbuba ta gaya min. Ta ce ta zo kawo ɗinki ta same ta tana wasa da su, ta hana ta, ta yi mata rashin kunya."

"Ita ce ta ce in wanke," in ji Zakiyya. "Ta ce ɗiya a aiki ake gane ta."

A nan ya juyo ya dube ta, daga sama har ƙasa.

"Kin ji ko? Shekara bakwai, har ta iya ƙulla sharri."

"Wallahi gaskiya take faɗa," in ji Nuriyya. "A ranar ta gaya min."

"A ranar." Ya gyaɗa kai. "A ranar kin sani. Kika zuge jakar, kika miƙo min da hannunki, kika ce Allah ya ba da sa'a. Da kin faɗa min a nan, ina da kwana biyar, da na nemi wasu daidai ni. Kika bari na rarrafa a gaban duniya. Yanzu kuma rantsuwarki kike so in karɓa?"

Wannan kam gaskiya ce, ta sani.

"Tsoro na ji..."

"Tsoron me?"

"Kada a ce ga dalili, a kai ta Miga."

"To, ai kin faɗi komai. Aka ajiye ni, aka ajiye ta, kika zaɓa. Ban ma san ana zaɓen ba."

Zakiyya ta matso ta kama gefen rigarsa da yatsa biyu.

"Abba, ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba."

Ya cire hannun a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Sunana Ziyad. Babanki yana maƙabartar Miga."

Nuriyya ta jawo yarinyar ta manna a jikinta.

"Har yanzu ina son ki, Nuriyya," ya ci gaba, muryarsa ta sauka, ta koma irin ta da. "Shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Kwana ashirin ina neman in tsane ki, na kasa. Na yi magana da Baffa Modibbo, ya ce maganarsa tana nan. Gobe Lahadi zan kawo mota da kaina mu kai ta wajen kakanninta. Makaranta, sutura, duk na ɗauka. Juma'a mai zuwa a ɗaura aure."

"Kai ne ka ce ko da ita, ko babu auren."

"Wanda ya faɗi haka bai yi rarrafe ba tukuna."

Ta dube shi. Fuskar nan ce dai, wadda take kwana da ita take tashi da ita shekara biyu. Har yanzu zuciyarta na karkata gare shi, ta ji kunyar hakan. Da zai ce ta bi shi ƙasar ƙanƙara a ƙafa, da ta bi.

"Nurina... ki ce to kawai."

Yarinyar ta ƙanƙame cinyarta, ba ta kuka, ba ta motsi.

"Na cuce ka, Yaya Ziyad. Wannan zan roƙi gafararka har in mutu. Amma ba inda za ta."

"Ki yi tunani."

"Na yi. Allah ya haɗa ka da alheri."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Sai ya juya ya fita, bai waiwayo ba.

Ba a yi wata biyu ba aka ɗaura aurensa da Mahbuba. Ƙawayen amarya biyu, ko don rashin sani ko don mugunta, nan suka kawo ɗinkin ankonsu. Nuriyya ta auna su, ta ɗinka, ta goge, ba kuskure ko na zare ɗaya. Ranar ɗaurin auren, motoci suka wuce ta bakin layi da hantsi suna ta ham. Tana kan keke, ƙafarta ta tsaya, ta kifa goshi a kan ƙarfen.

Zakiyya ta ajiye littafinta ta zo ta tsaya a gefenta.

"Ummi."

"Na'am."

"Da kin kai ni Miga, yau ke ce amarya?"

Nuriyya ta ɗago, ta goge fuska da gefen ɗankwali. Ta yi niyyar ta ce a'a, amma ƙarya ɗaya ta ishe ta.

"Ni ce."

"Kuma kina son sa?"

"Ina son sa."

"To me ya sa ba ki kai ni ba?"

"Wa zai zura min zare a allura in na tsufa? Jeki ɗauko wa Inna ruwa."

Yarinyar ta ɗauki moɗa ta nufi randa. Ba ta san me ake nufi da makirci ba, kuma har yanzu ba ta gane yadda wanki zai zama laifi ba. Abu ɗaya ta gane: an ce wa uwarta ta zaɓa tsakanin mutumin da take so da ita, kuma ita aka zaɓa.